Wanzami Ba Ya Son Jarfa

A shekarar da na gama sakandare, wani ɗan unguwarmu a nan birnin Sakkwato ya kwana yana hira da mutanen da babu mai ganinsu sai shi. Ƙwayar idonsa ta buɗe, maƙogwaronsa ya bushe, yana ta tsintar abin da babu a jikin bango. Da aka bi diddigi, ashe wani mai kiran kansa malami ne ya jiƙa masa 'ya'yan zaƙami a cikin rubutun sha, wai don ya ga rauhanai. Ba banza Hausawa suka laƙaba wa wannan tsiro haukata-yaro ba. Yaron ya ƙare a asibitin masu taɓin hankali na Kware. Shi kuwa malamin, wanda almajiransa suka shaida cewa shi ma yakan kurɓa kafin ya shiga halwa, ko mutum ɗaya bai ragu ba daga masu layi a zaurensa. Da zaɓe ya matso ma, motocin 'yan takara ne suka riƙa tsayawa a ƙofarsa bayan isha'i.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: me ya sa duk lokacin da aka ambaci shaye-shaye, sai mu nuna ɗan acaba da ɗan bangar siyasa, mu kau da kai daga mai rawani da mai babbar riga? Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka yi a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Wa ya ce dukkansu a tasha suke kwana? Bugu da ƙari, haukan talaka a gidansu yake tsayawa. Haukan shugaba kuwa, da sa hannu da hatimi yake fitowa, in na addini ne kuma ya fito da sunan wahayi.

Tarihi bai bar mu cikin duhu ba. Francisco Macias Nguema ya mulki Equatorial Guinea daga 1968 zuwa 1979, kuma marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa yana shan wiwi da iboga, wata saiwa mai sa gane-gane. Ya rufe majami'u, ya farauci masu ilimi, ya kwashe kuɗin baitulmali zuwa ƙauyensu, har kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'arsa suka mutu ko suka tsere. A Japan kuma, Shoko Asahara ya riƙa ɗirka wa mabiyansa ƙwayar LSD, in sun ga haske da siffofi ya ce karamarsa ce. A ranar 20 ga Maris, 1995, waɗannan mabiya suka saki iska mai guba a jiragen ƙasa na birnin Tokyo, mutum 13 suka halaka, dubbai suka jikkata. Haɗarin irin wannan maye shi ne mai shi ba ya jin ya bugu, gani yake an yaye masa hijabi. Wanda ya yi imani cewa daga sama ake yi masa magana, wane mashawarci ne zai iya ce masa kul?

Abin ya fi zama abin kunya a garinmu. Nan ne Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rubuta Kitabul Farƙi don bambance mulkin adalci da na son zuciya. Nan ne Nana Asma'u ta tura 'yan taru ƙauyuka su raba mata da bori. Fiƙihun da muke karantawa a zaure ya sanya hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare, ya kuma sanya shi sharaɗi ga liman da alƙali. Ashe ba abin mamaki ba ne a ce sallar raka'a biyu ba ta inganta a bayan wanda hankalinsa ya gushe, amma mu miƙa wa mutum kasafin kuɗin shekara huɗu ba mu bincika ba?

Na san za a ce tona asirin Musulmi haramun ne, kuma abin da mutum ya sha a ɗakinsa tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Na yarda, muddin a ɗakin ya tsaya. Amma ranar da ya nemi ƙuri'ata, ko ya hau mumbari, hankalinsa ya zama amanar jama'a. Fasinja da ya shinshina bakin direba kafin ya shiga motar Illela bai yi gulma ba, ransa yake karewa.

Gwajin kuwa ba gagara ya yi ba. A 2021, kafin zaɓen ƙananan hukumomin Kano, hukumar NDLEA ta gwada 'yan takara, aka samu 13 da ƙwaya a jikinsu, aka cire su. Shugaban hukumar, Buba Marwa, ya nemi jam'iyyu su yi wa masu neman manyan kujeru irin wannan gwaji kafin zaɓen 2023. Shiru kake ji. Waɗanda ke ɗaure ɗan talaka a kan ƙullin wiwi, su ne suka ƙi ba da fitsarinsu. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Don haka ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta kafa dokar gwaji ga duk mai neman muƙami, daga kansila har gwamna, kuma a riƙa maimaitawa ba tare da sanarwa ba. Majalisar Sarkin Musulmi da malamai na gaskiya su fito ɓaro-ɓaro su bayyana cewa abin da zaƙami ya nuna wa mutum ba kashafi ba ne, cuta ce. Wanda aka samu a kai shi magani, amma a karɓe sitiyarin daga hannunsa.

Ɗan unguwarmu ya warke, yana ɗinki a Tsohuwar Kasuwa, sai dai har yau bai tuna abin da ya faru a daren nan ba. Shi nasa dare ɗaya ne. Al'ummar da ta bi bugaggen jagora, wa ya san ranar da garinta zai waye?