Zaɓen 'Yan Zari-Ruga A Afirka Ta Kudu: Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Ran 28 ga watan Oktoba na 2023, a birnin Faris, ƙungiyar zari-ruga ta Afirka ta Kudu, wadda ake kira Springboks, ta doke ta Niyu Zilan da maki 12 da 11, ta ɗauki kofin duniya karo na huɗu, abin da wata ƙasa ba ta taɓa yi ba. Wanda ya karɓi kofin a madadin ƙasarsa shi ne kyaftin Siya Kolisi, baƙar fata, wanda da a zamanin kakanninsa ne ko kusa ba za a bari ya sa koriyar rigar nan ba. Mai karatu da ke zaune a Agege ta Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Fatakwal, yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tun da ƙwallon ƙafa aka sani a ƙasar nan. To, akwai ruwansa, domin a kan wannan wasa ne Nijeriya ta janye 'yan wasanta daga Olamfik a 1976, kuma tushen rigimar bai wuce tambaya guda ba: wa za a zaɓa ya wakilci ƙasa, kuma bisa wane ma'auni?

Kafin a shiga maganar, ya kamata a san yadda wasan yake. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ana yinsa minti 80, da ƙwallo mai siffar ƙwai wanda ake runguma a ruga da shi. Ba a miƙa shi da hannu sai baya ko gefe. Wanda ya kai shi bayan layin abokan karawa ya dangwarar a ƙasa ya ci maki 5. Takwas daga cikin 15 ɗin ƙarti ne na gaba, aikinsu ture da kokawar ƙwace ƙwallo. Bakwai na baya kuwa aikinsu gudu da bugu. A cikin na gaban akwai masu kaurin wuya da ke tsayawa a sahun farko wajen turereniya, akwai kuma dogaye masu kusan mita 2 waɗanda ake ɗagawa sama su cafe ƙwallo. Saboda haka koci ba ya iya tara mutum 15 da suka fi suna ya ce ya haɗa ƙungiya. Tilas kowane gurbi ya sami mai shi. Dokar wasan ma ta ce cikin mutum 23 da ake rubutawa ranar karawa, lalle 6 su zama sun ƙware a sahun farko, don kuwa wanda bai iya ba wuyansa yana cikin haɗari. A gasar 2023 mutum 33 kacal aka yarda kowace ƙasa ta zo da su, kuma suna ɗaya yana iya sauya kome. Da wani na sahun farko, Malcolm Marx, ya ji rauni a tsakiyar gasar, sai masu zaɓe suka yi kasada suka maye gurbinsa da gwanin bugu, Handré Pollard, shi ne kuwa ya ci dukan maki 12 ɗin nan a wasan ƙarshe.

Wannan shi ne zaɓe bisa bukatar wasa. Amma shekara da shekaru Afirka ta Kudu tana zaɓe bisa launin fata, har ma ta kan ɗora wa baƙinta wannan ma'auni. A 1928, da 1949, da 1960, Niyu Zilan ta tura ƙungiyarta can ba tare da ko mutum ɗaya daga ƙabilar Maori ba, watau 'yan asalin ƙasar, don kada a ɓata wa masu masauki rai. Cikin waɗanda aka bari a gida a 1928 har da George Nepia, wanda a lokacin yana cikin gwanayen duniya. A 1970 aka yarda Maori su shiga, amma sai da aka laƙaba musu matsayin Turawan girmamawa, wanda shi ma wani cin mutuncin ne. Sai a 2010 hukumomin wasan na ƙasashen biyu suka nemi gafarar waɗannan mutane.

A watan Yuni na 1976, jinin 'yan makarantar Soweto bai gama bushewa ba, ƙungiyar Niyu Zilan ta sake sauka a Afirka ta Kudu. Ƙasashen Afirka suka nemi a hana Niyu Zilan shiga Olamfik na Montreal, hukumar Olamfik ta ƙi, bisa hujjar wai zari-ruga ba ya cikin wasanninta. Nan take ƙasashe fiye da 20 suka janye. Ɗan Nijeriya, Abraham Ordia, shi ne shugaban majalisar ƙoli ta wasannin Afirka a lokacin, kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta kira 'yan wasanta gida bayan sun riga sun isa Kanada. A 1977 ƙasashen Kwamanwel suka ƙulla yarjejeniyar Gleneagles ta hana hulɗar wasa da masu wariya, sa'an nan a 1978 Nijeriya ta sake ƙaurace wa wasannin Kwamanwel na Edmonton saboda Niyu Zilan ɗin dai. Samarin da suka yi shekaru suna shiri suka rasa damarsu, wasunsu kuwa ba su ƙara samun irinta ba. Ke nan ƙasar nan ta biya kuɗi mai tsada a kan yadda ake zaɓen 'yan zari-ruga a wata ƙasa.

Hujjar da masu wariya suka riƙa kawowa ita ce wai baƙar fata ba su san wasan ba. Tarihi ya ƙaryata su. Tun ƙarshen ƙarni na 19 baƙaƙe suke buga zari-ruga a lardin Cape ta Gabas, musamman a makarantun mishan, suna da kulob-kulob da hukumominsu, sai dai filayensu na tsakuwa ne, kuma masu zaɓe ba sa zuwa kallo. A 1981 aka sa Errol Tobias ya buga wa Springboks da Ailan, ya zama na farko wanda ba Bature ba. Turawa da yawa suka ce ado aka yi da shi don a rufe bakin duniya, mutanensa da yawa kuma suka ce ya ba da kai bori ya hau, alhali kuwa a fili ya nuna ya iya. A 1992 hukumomin da ke rabe suka haɗe. A 1995 ƙasar ta ci kofin duniya a gida, Nelson Mandela ya fito sanye da riga mai lamba 6 irin ta kyaftin Francois Pienaar, duniya ta yi ta tafi. Amma a ƙungiyar da ta buga wasan ƙarshe Chester Williams ne kaɗai ba Bature ba. Shekara 12 bayan haka, a wasan ƙarshe na 2007, mutum biyu ne cikin 15 da suka fara, Bryan Habana da JP Pietersen, dukansu a gefen fili.

Ganin tafiyar ta zama ta hawainiya ne ya sa aka shigo da tsarin kaso. Hukumar wasan ta sa wa kanta buri cewa kafin 2019 rabin 'yan ƙungiyar ƙasa su zama ba Turawa ba. A watan Afrilu na 2016 ministan wasanni, Fikile Mbalula, ya hana hukumar neman karɓar baƙuncin manyan gasa saboda ta gaza cika alkawuran da ta ɗauka. Masu adawa da kaso suka tashi haiƙan, suna cewa ƙungiyar ƙasa ba wurin rabon gado ba ce, kuma duk wanda aka ɗauka don launinsa an zalunci wanda ya fi shi, an kuma zalunce shi shi kansa, domin ko ya yi abin kirki sunan ɗan kaso ba zai bar shi ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Kolisi da bakinsa ya faɗa a farkon 2019 cewa ba ya son a ɗauke shi saboda fatarsa, kuma gyara ya kamata ya faro daga tushe.

Sai dai masu wannan ra'ayi sukan tsallake wani abu. Abin da suke kira cancanta, a da can, cancanta ce a tsakanin waɗanda aka yarda a duba kawai. Mai zaɓe ɗan Adam ne, ya fi amincewa da wanda ya sani, ɗan makarantarsu, mai jin harshensa. Idan ba a matsa masa ba, idonsa ba zai bar inda ya saba ba. Daɗin daɗawa, tsohuwar hanyar ba ta hana faɗuwa ba: ƙungiyar da Japan ta kunyata da maki 34 da 32 a gasar 2015 ita ce wadda aka yi ta suka a gida saboda ƙarancin baƙaƙe a cikinta. Amfanin kaso shi ne ya tilasta wa masu zaɓe su ɗaga kai su duba wasu wurare. Abin da ba ya iyawa shi ne ya ƙirƙiro ɗan wasan da ba a rena ba.

Abin da ya faru daga 2018 ya isa shaida. Rassie Erasmus ya karɓi ƙungiyar tana cikin mummunan hali, Italiya ta doke ta a 2016, Niyu Zilan kuma ta yi mata 57 da nema a 2017. Ya naɗa Kolisi kyaftin, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan matsayi a wasan ƙasa da ƙasa tun da aka fara a 1891, kuma ya san shi tun yana saurayi a Cape Town. Ya ɗauko Makazole Mapimpi, ɗan ƙauyen Tsholomnqa, wanda bai yi wata shahararriyar makarantar zari-ruga ba. Ya kira Cheslin Kolbe daga kulob ɗin Toulouse na Faransa, mutumin da aka daɗe ana cewa ya cika ƙanƙanta. Akwai kuma wata doka ta 2017 da ta hana ɗaukar mai wasa a ƙasar waje sai ya taɓa buga wa ƙasa sau 30. Aka fara sassauta ta a 2018, aka soke ta a 2019, don an gane cewa fita neman abinci ba ta cire mutum daga zama ɗan ƙasa, maganar da duk ɗan ci-rani zai fahimta ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ran 2 ga Nuwamba na 2019, a Yokohama, Springboks suka doke Ingila da maki 32 da 12. Cikin waɗanda suka fara wasan akwai Kolisi, da Tendai Mtawarira, da Bongi Mbonambi, da Lukhanyo Am, da Mapimpi, da Kolbe. Sau biyu aka dangwarar da ƙwallo bayan layin Ingila a ranar, na farko Mapimpi ne, na biyu Kolbe. Daga ranar maganar ɗan kaso ta yi sanyi ƙwarai.

Duk da haka kada murna ta rufe ido. An haifi Kolisi ran 16 ga Yuni na 1991, shekara 15 cif bayan kisan Soweto, ya tashi cikin talauci a unguwar Zwide ta Port Elizabeth. Abin da ya fid da shi shi ne an gan shi a wata gasar yara yana ɗan shekara 12, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey, inda akwai fili mai ciyawa, da koci, da abinci sau uku. Mapimpi da bai sami wannan gata ba sai da ya kai shekara 27 kafin ya sa rigar ƙasa. Har yanzu 'yan tsirarun makarantu irin su Grey College ta Bloemfontein da Paul Roos ta Stellenbosch su ne manyan rijiyoyin da ake ɗebo 'yan wasan ƙasa, a ƙasar da ƙidayar 2022 ta nuna baƙaƙe sun kai kashi 81 cikin 100, Turawa kuwa wajen kashi 7. A wasan da ake bukatar ƙashi da tsoka, yaron da bai ƙoshi ba tun yana ƙarami an riga an cire sunansa kafin masu zaɓe su zauna. Tsamo yaro ɗaya daga unguwa a kai shi makarantar masu hali alheri ne, amma ɗaruruwan da aka bari a baya babu wanda zai san abin da ke cikinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya; ƙungiyar da za ta fita nan da shekara 10 tana firamare yanzu.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce ga mutanen Nijeriya. Tun tsarin mulkin 1979 aka rubuta cewa muƙaman tarayya su nuna kowane sashe na ƙasa, kuma daga lokacin ake ta ja-in-ja tsakanin masu cewa kaso da masu cewa cancanta, a ɗaukar aiki da shiga makarantun tarayya. Tarihin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne, kuma ba daidai ba ne a kwatanta wariyar launin fata da bambancin ilmi tsakanin jihohi. Amma darasin yana da amfani. Wanda ke ƙyamar kaso, wajibi ne ya nuna cewa ya zagaya ko'ina ya duba kafin ya ce babu gwani. Wanda ke goyon bayan kaso kuma, wajibi ne ya matsa a gina makaranta da fili a garinsu, don 'ya'yansa su shiga da ƙarfinsu, kada kowa ya sami bakin yi musu gori.

Saboda haka abin da ya kamata hukumar zari-ruga ta Afirka ta Kudu ta yi a bayyane yake. Ta bar koci ya zaɓi 23 ɗinsa bisa bukatar wasa, ta ci gaba da ƙirga yawan waɗanda ake ba dama a kulob-kulob da gasar matasa, sa'an nan ta karkata kuɗin da kofuna huɗu suka jawo zuwa makarantun Zwide da ƙauyukan Cape ta Gabas, a sami fili da koci da abinci. Ranar da mai zaɓe zai je Tsholomnqa kallon wasan yara kamar yadda yake zuwa Stellenbosch, a ranar ne za a iya ajiye kaso ba tare da an cuci kowa ba. Allah Ya nuna wa jama'a wannan rana.