Gani Ya Kori Ji, Amma Wa Ke Riƙe da Almakashi?

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Ma'anar wannan karin magana ita ce, abin da mutum ya gani da idonsa ya fi tabbas bisa abin da aka ba shi labari. Lokacin da aka yi karin maganar babu kyamara, babu wayar hannu. Yau kuwa, yawancin abin da kuke kallo wani ne ya ɗauko shi, ya yanke, ya jera, sannan ya miƙo muku. Wannan ne ya sa nake ganin aikin ɗaukar bidiyo da tace shi, wanda wasu makarantu suke ba ɗalibai, ya cancanci ku riƙe shi da muhimmanci kamar yadda kuke riƙe darasin insha'i.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi. Wasu iyaye suna ɗaukar aikin a matsayin wasa da ɓata lokaci. Wasu malamai kuma suna cewa makarantar da take fama da ƙarancin kujeru da wutar lantarki ina ta ga kuɗin sayen kyamara? Damuwarsu tana kan hanya. Sai dai mu tuna yadda sana'ar fim ta bunƙasa a ƙasar nan. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. A 1992 aka fitar da Living in Bondage da harshen Ibo, shi ma a kaset. Waɗanda suka yi waɗannan finafinai ba su jira manyan na'urori ba, sun fara da abin da ke hannunsu. Wayar da ke aljihun malaminku a yau ta fi kyamarorin wancan zamani fitar da hoto tangaram. Waya ɗaya ta ishi rukunin ɗalibai biyar ko shida, muddin malami yana kula da yadda ake amfani da ita.

Ƙa'idojin farko ba su da wuya. Kafin ku taɓa waya, ku rubuta a takarda abin da kuke son nunawa, da wanda za ku yi hira da shi, da tambayoyin da za ku yi masa. In kun je wurin, ku riƙe wayar a kwance da hannu biyu, ku manna gwiwar hannu a jikinku don kada hoton ya yi rawa. Ku bar rana ko taga a bayanku, domin in haske yana bayan wanda kuke ɗauka, fuskarsa za ta yi duhu. Ku yi ɗauka iri uku: ta nesa mai nuna wurin gaba ɗaya, matsakaiciya mai nuna mutum daga ƙugu zuwa kai, da ta kusa mai nuna fuska ko hannun da ke aiki. Kowace ɗauka ku ƙirga zuwa goma kafin ku tsayar. Sannan ku kula da sauti ƙwarai. Mai kallo yana iya haƙuri da hoton da bai fita sosai ba, amma ba ya zama ya saurari maganar da ƙarar janareta ta danne.

A gare ku masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, akwai wata riba ta musamman. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gari" ta wurin zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne, kunne ne kaɗai yake bambanta su. Idan kuka yi hira da Bahaushe mai sayar da goro ko albasa a unguwar Sabo ta Ibadan, ko a Agege ta Legas, ko a kasuwar garinku, kuka zauna kuna maimaita jimla ɗaya sau goma don ku rubuta fassararta a ƙasan hoto, to kun yi wa kunnenku horon da allo da alli ba za su iya yi masa ba. A nan za ku ji bambancin "kafa" da "ƙafa" daga bakin mai harshe.

Amma darasi mafi girma yana wurin tacewa. A da, masu tace fim da almakashi suke yanka zaren fim, su liƙa guntu da guntu. Yanzu manhajoji irin su CapCut da KineMaster suna yin wannan aiki da ɗan yatsa. Kayan aiki sun sauya, ikon da ke hannun mai yanka yana nan yadda yake. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna hoton fuskar mutum ɗaya, ya biyo shi da hoton kwanon miya, sai masu kallo suka ga yunwa a fuskar. Da ya biyo wannan fuska da hoton gawa a cikin akwati, sai suka ga baƙin ciki. Fuskar ba ta canja ba ko kaɗan. Jerin hotunan ne ya haifar da ma'ana.

Na ga irin wannan a ajina. Wasu ɗalibaina sun yi hira da wani dattijo mahauci, ya ce musu: "A da, kasuwar nan ba ta da tsabta, amma yanzu mun gyara." Da suka zo tacewa, bidiyon ya zarce minti ukun da na ba su, sai suka datse farkon jimlar da ƙarshenta. Abin da ya saura shi ne: "Kasuwar nan ba ta da tsabta." Muryarsa ce, fuskarsa ce, kalmominsa ne, amma ba maganarsa ba ce. Yaran ba su yi da mugun nufi ba. Duk da haka, da bidiyon ya fita daga aji ya shiga wayoyin mutane, da dattijon nan ya sha kunya a gaban abokan sana'arsa kan abin da bai faɗa ba. Na sa suka mayar da jimlar cikakkiya, suka rage tsawon wani wuri daban.

Saboda haka ku riƙe abu uku. Ku nemi izinin mutum kafin ku ɗauke shi, ku gaya masa inda za a nuna bidiyon. Kada ku yanke magana yadda ma'anarta za ta juya. In da hali, ku koma ku nuna masa aikin kafin kowa ya gani. Wanda ya yarda ya zauna gaban kyamararku ya ba ku amanar mutuncinsa.

Ba dukanku ne za ku zama masu shirya fim ba, ko da yake mai sha'awa yana iya neman ƙarin ilimi a makarantar koyon fim ta ƙasa da ke Jos. Amma dukanku masu kallo ne. Ɗalibin da ya taɓa yanka bidiyo da hannunsa ba ya saurin gaskata kowane guntun bidiyo da aka turo masa a WhatsApp, musamman a lokacin zaɓe ko rikici. Zai tsaya ya tambaya: me aka faɗa kafin nan, me kuma ya biyo baya? In aikin aji na minti uku ya koya muku yin wannan tambaya, to lokacin da kuka kashe a kansa bai tafi a banza ba.