Gyaran Gida: Bangon Makka ba na Kano ba ne, ƙwanƙwasa shi kafin ka huda

Tun da rusau ya ci tsofaffin unguwannin da ke kewaye da Harami, 'yan uwanmu da dama da suka shekara da shekaru a wajajen Shara Mansur, Hindawiyya da Jarwal suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka koma benayen haya a Shauƙiyya, Ka'akiyya, Shara'i da sauran unguwannin bayan gari. Sabon gida kuwa sai an rataya labule, an kafa talabijin, an ɗaura hita a banɗaki. Shi ya sa saƙonnin da ke zuwa wannan fili daga Makka kusan tambaya ɗaya suke yi: wane injin huda zan saya? Wani ya ce ya ƙona baki uku a kan rami ɗaya bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Wata baiwar Allah kuma ta ce nata ramin ya hudu cikin sauƙi, amma yanzu hitar ta fara rinjayowa daga bango, ga yara suna wanka a ƙarƙashinta.

Su biyun ciwo ɗaya ke damun su. Sun fara da tambayar inji, alhali bango ya kamata su fara tambaya.

Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ya saba da bulon da ake bugawa a bakin titi, yashi ya rinjayi siminti, ka ɗauko ƙusar kankare da guduma, bugu huɗu ta shige. A nan ba haka ginin yake ba. Ƙashin bene kankare ne mai rodi: fila, bim da dakin. Tsakuwar da ke cikinsa fasasshen dutse ne, kuma duk wanda ya taɓa hawa Jabalin Nur ya san irin taurin dutsen wannan yanki. Tsakanin fila da fila sai a cike da bulo, shi ma iri-iri ne. Akwai jan bulo na gasasshen yumɓu mai ramuka kamar saƙar zuma, akwai na siminti mai rami, akwai mara nauyin nan da suke kira burkani, akwai kuma fari mai laushi wanda ƙusa ke iya karta. Sai a bi su duka da filasta, a yi fenti, ido ya kasa bambance su. Bango ɗaya mai tsawon mita huɗu zai iya zama fila a kusurwa, bulo a tsakiya, linta a saman taga. Wannan lintar ita ce ke ba masu rataya labule wahala, domin daidai inda ake son kafa sandar labule nan kankaren yake.

Gane bango ba ya bukatar kayan aiki mai tsada. Ƙwanƙwasa shi da bayan sukurudireba. Inda ya yi amo kamar ganga, rami ne a ciki. Inda sautin ya mutu, kankare ne. In ba ka gamsu ba, sa ƙaramin baki mai milimita 5, ka huda a hankali ba tare da ka kunna bugu ba, ka duba ƙurar da ke fitowa. Ja, jan bulo ne. Toka-toka, sannan bakin ya zurma gaba ɗaya, bulon siminti ne mai rami. Fara mai laushi kamar garin alkama, jibis ne ko farin bulo. In kuwa ya wuce filasta, wato kimanin santimita biyu, ya tsaya cak yana ta kuka, ka iso kankare.

To, ga maganar inji. A shago za ka ga iri biyu da suka yi kama, amma cikinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne diril na gama-gari mai makunnin da aka zana guduma a kai. A cikinsa akwai faifan ƙarfe biyu masu haƙora da ke gogar juna, su sa bakin ya riƙa karkarwa sau dubbai masu yawa a minti ɗaya. Ƙarar tana da yawa, amma bugun ba shi da nauyi, kuma ƙarfinsa daga kafaɗarka yake fitowa. Ga bulo, katako da ƙarfe ya wadatar. Ga fila kuwa, zai yi ta juyawa a kan tsakuwa ɗaya har bakin ya yi zafi ya koma shuɗi.

Na biyu shi ne wanda a nan kowa ke kira hilti, ko da kuwa Makita ne ko Bosch. Sunan kamfanin ƙasar Liktanstain ne ya bi shi, kamar yadda Omo ya zama sunan kowane garin wanki a wajenmu. Shi wannan fistin ne a cikinsa da ke matsa iska, iskar ta harba wani ƙarfe ya daki gindin bakin. Bugunsa bai fi dubu huɗu zuwa biyar a minti ba, amma kowane ɗaya bugun gaske ne, yana farfasa tsakuwa maimakon ya goge ta. Bakinsa ma daban ne: gindinsa yana da tsagi, ana tura shi ne ya kama da kansa, ba a ɗaure shi da makulli. Wannan tsari Bosch ta fito da shi a 1975, kuma wanda ya dace da aikin gida shi ake kira SDS-plus. Ramin da diril zai kwashe minti goma yana fama da shi, hilti zai gama shi kafin ka ƙirga ashirin.

In za ka saya, kada lambar wat ta ruɗe ka. Kasuwa cike take da injuna marasa asali da aka manna musu lambobi masu ban tsoro, alhali ba su kai rabin abin da aka rubuta ba. Abin dubawa shi ne ƙarfin bugu, wanda ake aunawa da jul. Jul biyu zuwa uku ya ishi duk wani aikin gida. Bosch GBH 2-26 da Makita HR2470 duk cikin wannan aji suke, wat ɗinsu wajen 800, nauyinsu bai kai kilo uku ba. Tabbatar yana da hannu na biyu a gefe, yana kuma da kuloc ɗin da ke saki idan baki ya maƙale, don in babu shi injin ne zai juya ya murɗe maka wuyan hannu. Manyan nan masu kilo shida da bakwai na 'yan fasa dakin ne, ba ruwanka da su.

Ni a ganina ma yawancinmu ba ma bukatar mallakar hilti. Magidancin da ramukan kankarensa ba su wuce goma a shekara ba, ya sayi diril mai kyau, ya ari hilti ko ya yi hayarsa ranar da bukata ta taso. In ku huɗu ne ko biyar a unguwa ɗaya, ku yi karo-karo ku sayi guda mai nagarta a SACO ko wajen dilan kamfanin, da takardar garanti. Ya fi kowa ya sayi na banza nasa.

Mai waya ko mai batir? Ga mai aikin jefi-jefi, mai waya. Batir ba ya shiri da zafi, kuma garin da rani ke haura digiri 45, batirin da aka manta a but ɗin mota kwanansa ya ƙare. Sai kuma maganar wuta, wadda ke cin kayan mutane ba su ankara ba. Tun 2010 gwamnatin Saudiyya ta yanke shawarar komawa bolt 230, amma har gobe akwai tsofaffin gidaje masu soket biyu, na 127 da na 220. Injin da ka zo da shi daga Najeriya ko Ingila zai yi aiki a kan 220 lafiya ƙalau. Wanda ɗan uwa ya aiko daga Amurka na 120 ne, kana soka shi a 220 sai hayaƙi.

Yadda ake riƙe hilti ma akwai abin lura. Ba a danna shi da ƙarfi. Riƙe shi a miƙe, ka ɗan tura daidai yadda bugun zai kama, ka bar shi ya yi aikinsa, kana zaro bakin lokaci-lokaci don ƙura ta fita. A kan jan bulo kuwa kashe bugun gaba ɗaya. Bugu yana rugurguza siraran bangayen da ke cikin bulon, sai ka samu rami mai kyau daga waje, kango daga ciki. A kan tayil ma haka: manna salatif don kada bakin ya zame, huda da bakin tayil ba bugu, sai ka wuce shi sannan ka sauya baki.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi inji muhimmanci, wato abin da zai zauna cikin ramin shekara da shekaru yana ɗauke da kaya. Robar nan da muke kira fisha, Larabawa ma fishar ko khabur suke ce mata, sunan Artur Fischer ne, Bajamushen da ya ƙirƙiro ta a 1958. Aikinta ta buɗe idan sukuru ya shiga, ta tokare jikin rami. A cikin kankare tana da abin tokara ta kowane ɓangare. A cikin bulo mai rami kuwa sai ta buɗe a cikin iska, abin da ke riƙe da ita bai wuce filasta da ɓawon bulo ba. Don haka ga bulo nemi irin wadda ke dunƙulewa ta yi ƙulli a bayan ɓawon, kamar Fischer UX ko DuoPower. Kuma a sayi ta nailan. Mai arhar nan da ake sayarwa a leda ba suna, lanƙwasa ta da yatsa ka gani, in ta yi fari ko ta karye, bar musu kayansu.

Ƙa'idar awo mai sauƙi ce. Girman baki daidai da girman fisha: 6 da 6, 8 da 8. Fisha mai lamba 6 tana tafiya da sukuru mai kaurin milimita 4 zuwa 5, mai lamba 8 da 5 zuwa 6. Zurfin rami ya ɗara tsawon fisha da santimita ɗaya. Sukuru ya ratsa kayan da za a rataya, ya ratsa fishar har ya ɗan leƙa ƙarshenta. Kada ka lissafa filasta cikin abin da ke riƙewa, ita ado ce kawai. Sannan a fitar da ƙurar ramin kafin a tura fisha, da injin shara ko ɗan famfon iska. Fisha a cikin ƙura kamar turke ne a cikin rairayi.

Hita ita ce babbar jarrabawa. Mai lita 80 in ta cika, ruwan kaɗai kilo 80 ne, ka haɗa da tukunyar, kana maganar kimanin kilo ɗari na ruwan zafi a saman kan mutum, rataye da ƙugiya biyu. Idan bangon kankare ne, sa anka ta ƙarfe mai milimita 10 wadda ke buɗewa in an ɗaure noti, ka nisanci bakin fila da aƙalla santimita goma don kada ta tsaga gefen. Idan bulo ne mai rami, wannan ankar ba ta da amfani, fasa bulon ma za ta yi. Hanya biyu ce. Ko dai a yi amfani da gam ɗin anka, wanda ake matsawa cikin wata 'yar raga da aka tura ramin, a soka ƙarfe mai zare, a bar shi ya daskare. A zafin Makka yana kamawa da sauri, don haka shirya komai kafin ka matsa. Ko kuma, in mai gida ya yarda, a huda bangon ya ɓulla, a ratsa dogon ƙarfe mai zare, a sa farantin ƙarfe da noti ta ɗaya gefen. Baiwar Allah mai hitar da ta rinjayo, don Allah a kashe wutarta yau, a rufe ruwan, a zubar da na ciki, a sauke ta. Ƙara ɗaure sukurun ba zai yi magani ba.

Rufin ɗaki ma yana da nasa tarko. Gidaje da yawa a Saudiyya dakin ɗinsu irin wanda ake kira hordi ne, wato layukan kankare da aka jera bulo mai rami a tsakaninsu. Fanka ko fitila mai nauyi dole ankarta ta shiga layin kankaren, kuma ta ƙarfe, ba roba ba. A dogayen benaye na zamani, kada ka taɓa rufi sai ka tambayi masu kula da ginin, domin wasu akwai igiyoyin ƙarfe da aka ɗaure tamau a ciki.

Idan kana huda kankare, ka kai santimita uku ko huɗu, injin ya tsaya, ka ga ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, rodi ka tarar. Kada ka nace, kada kuma wani ya ba ka bakin yanka shi. Matsa gefe da 'yan santimitoci ka sake. Abin da ya fi rodi haɗari shi ne wanda ba ya tsayar da baki: wayar wuta, fayif ɗin ruwa, da bututun tagulla na esi da aka binne a bango. Kauce wa layin da ya miƙe sama, ƙasa ko gefe daga kowane soket da makunni, haka ma saman famfo da ƙarƙashin esi. 'Yar na'urar gano waya da ƙarfe kuɗinta bai kai na fasa tayil a gyara fayif ba. Kashe wutar ɗakin da kake aiki, ka jawo ta injin daga wani ɗakin. Sa tabarau da takunkumi, a fitar da yara, domin ƙurar kankare in ta zauna a huhu ba ta fita.

Ɗan haya ya duba yarjejeniyarsa ta Ejar, ya kuma sanar da mai gida kafin ya huda tayil ko marmara, don su ba sa toshuwa kamar filasta. Waɗanda ke irin gidajen Aziziyya da ake tashi a bar wa alhazai in lokacin aikin Hajji ya zo, su fi kowa bukatar sukuru da fisha maimakon ƙusa: ka kwance kayanka, ramin na nan yana jiran dawowarka. Ƙarar hilti kuwa tana bin ƙashin gini har hawa na biyar, don haka a bar mutane su yi ƙailularsu, a bari sai bayan la'asar. In azumi ya kama, da hantsi ma gari barci yake yi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yoyon ruwan esi da yadda yake ɓata fenti.