ƊAN SA-KAI A ƘASAR WAJE: SAI YA YI ALMAJIRANCI KAFIN YA YI MALANTA

A cikin watan Oktoba na shekarar 1961, watau shekara guda ke nan bayan Nijeriya ta sami mulkin kai, wani al'amari ya faru a Kwalejin Jami'a ta Badun wanda ya kamata duk hukumar da ke aika 'yan sa-kai ƙasashen waje ta riƙa tunawa da shi. A lokacin akwai waɗansu samari da 'yan mata Amurkawa a kwalejin, su ne rukunin farko na 'yan sa-kai na ƙungiyar Peace Corps da aka turo ƙasar nan domin su koyar a makarantu. Sun riga sun yi makonni suna karɓar horo a Jami'ar Harvard, aka kawo su Badun domin su ƙarasa. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ɗauki katin wasiƙa, irin wanda ake aikawa ba ambulan, ta rubuta wa wani abokinta a gida cewa duk horon da aka ba su bai shirya su ga irin ƙazanta da talaucin da suka tarar ba, har ta ambaci yadda mutane ke dafa abinci da ciniki da kewayawa a bakin titi.

Katin nan bai kai inda aka nufa da shi ba. Ya faɗa hannun ɗaliban kwalejin, suka kwafe shi suka rarraba, suka yi taron gangami, suka ce Amurkawan nan 'yan leƙen asiri ne, a kore su. Kafin a ce haka labari ya cika jaridun duniya. Yarinyar ta nemi gafara, ta bar ƙasar, sauran 'yan uwanta kuwa aka ƙaurace musu a kwalejin har waɗansunsu suka ƙi cin abinci, sai bayan 'yan kwanaki ɗalibai suka yarda aka zauna aka yi magana. Ƙungiyar da Shugaba John Kennedy ya kafa a ranar 1 ga watan Maris na wannan shekarar, ya ɗora Sargent Shriver a kanta, ta sha kunya a idon duniya tun ba ta cika shekara ba, a kan 'yan layuka kaɗan. Da gaskiyar Hausawa da suka ce magana zarar bunu ce.

Abin lura a cikin wannan labari shi ne yarinyar ba jahila ba ce, kuma babu alamar ta zo da mugun nufi. An karanta mata tarihin Afirka a aji, an nuna mata taswira, an yi mata allurai. Abin da ba a ba ta ba shi ne zama cikin mutane kafin ta yanke musu hukunci. Darasin da ke nan shi ne, watannin farko da ɗan sa-kai ke yi yana koyon zama a ƙasar da ta karɓe shi su ne ginshiƙin dukan aikinsa, kuma duk wanda aka tura shi ya koyar ko ya yi magani ba tare da ya fara zama almajirin mutanen wurin ba, to, an tura shi ne ya ɓata lokacinsa da nasu.

Masana sun daɗe da lura da halin da baƙo ke shiga. Wani masanin al'adun al'umma mai suna Kalervo Oberg ya yi bayani a kan wannan gigita ta baƙunta a wata lacca da ya yi a birnin Riyo na ƙasar Birazil a 1954, aka buga bayanin a 1960. Ya kasa halin gida huɗu. Da farko akwai ɗoki, lokacin da kome sabo ne, kome abin sha'awa ne. Daga nan sai ƙunci ya biyo baya, baƙo ya fara ganin laifin abinci da ruwa da yanayi da mutanen gari, ya koma neman 'yan ƙasarsu domin su zauna su yi ta ƙorafi. Sa'an nan in ya daure, sai ya fara tsintar harshe, ya fara yi wa kansa dariya a kan kurakuransa. A ƙarshe sai sabo ya zo, har ya ga al'adar mutanen a matsayin wata hanya ce ta zaman duniya kamar tasa. Katin Badun an rubuta shi ne a farkon mataki na biyu, lokacin da ido ya gani amma zuciya ba ta fahimta ba tukuna.

Ita kanta ƙungiyar Peace Corps ba ta tsaya a kan tsarinta na farko ba. A shekarun farko ana yin yawancin horon ne a jami'o'in Amurka, amma daga baya aka mai da shi cikin ƙasashen da za a yi aikin, aka kuma shigar da zama a gidan mutanen gari cikin tsarin. Mai koyon aiki yakan yi kamar wata uku yana horo, sai ya ci jarrabawar harshe sa'an nan a rantsar da shi, ya fara aikin shekara biyu. A ƙarƙashin ƙungiyar, mutane fiye da 240,000 sun yi aiki a ƙasashe fiye da 140.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Jamhuriyar Nijar, inda 'yan sa-kai fiye da 3,000 suka yi aiki daga 1962 zuwa watan Janairu na 2011, lokacin da aka dakatar da shirin bayan an sace Faransawa biyu a Yamai. A garin Hamdallaye, kusa da Yamai, ake yi musu horo. Akan raba su gidajen mutanen gari, a raɗa wa kowa sunan gida, a koya masa Hausa ko Zabarmanci. Yaron da ya tashi da famfo da lantarki sai ga shi yana wanka da bokiti, yana kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, yana cin tuwon gero da hannu. Zawo da zazzaɓi da kewar gida duk sai sun ɗanɗana masa. Amma abin da ya fi waɗannan wuya shi ne mutum mai digiri ya wayi gari yaro ɗan shekara biyar ya fi shi iya magana, yara suna gyara masa lafazi suna dariya. Wannan ƙasƙanci shi ne maganin girman kai, kuma shi ne ke buɗe masa ƙofa. Wanda ya koyi tsayawa ya gaisa, ya tambayi gajiya da iyali da sanyi kafin ya ambaci abin da ya kawo shi, ya koyi miƙa abu da hannun dama, ya koyi zuwa suna da ta'aziyya, shi ne wanda mai gari zai saurara masa ranar da ya kawo maganar rijiya ko rigakafi. Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan magana ta shafi Nijeriya kai tsaye, domin ƙasar da ta karɓi 'yan sa-kai jiya ita ce ke aikawa da nata yau. A 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, aka kafa shirin nan na taimakon ƙwararru da aka fi sani da TAC. A ƙarƙashinsa Nijeriya kan aika likitoci da ma'aikatan jinya da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da na yankin Karibiyan da na tekun Fasifik, su yi aiki shekara biyu. Hikimar shirin ita ce maimakon a ba ƙasa kuɗi su salwanta, a ba ta mutum mai ilmi. Shiri ne mai kyau ƙwarai, kuma ya jawo wa ƙasar nan mutunci a wurare kamar Gambiya da Uganda da Jamaika da Fiji. To, amma duk abin da ya sami yarinyar Badun yana iya samun ɗan Nijeriya a Banjul ko Suva.

Akwai masu cewa wannan kwatanci bai dace ba. Hujjarsu ta farko ita ce, waɗanda Nijeriya ke turawa manya ne, ƙwararru, ba yara sababbin gama jami'a ba. Ta biyu, yawancin ƙasashen da suke zuwa da Turanci ake aikin gwamnati, kuma baƙar fata ba baƙo ba ne a wurin baƙar fata. Ta uku kuwa ita ce kuɗi, watau wata biyu ko uku na horo asara ce ga ƙasar da ke jiran likita.

Hujjar farko a gaskiya ta juya ne a kan masu ita. Yaro yana da sauƙin tanƙwarawa, babba kuwa ya riga ya bushe a kan abin da ya saba. Likitan da ya shekara goma ana rusuna masa a asibiti ya fi kowa bukatar a tuna masa cewa a can shi baƙo ne, kuma ma'aikaciyar jinyar da ya tarar ta fi shi sanin marasa lafiyar. Hujja ta biyu ma ba ta tsaya ba, domin Turanci harshen ofis ne kawai. Tsohuwar da ta kawo jikanta asibiti a Gambiya da Mandinkanci ko Wolof ko Fulatanci za ta yi bayani. A Zanzibar da Swahili za ta yi, a Fiji kuwa da harshen Fiji ko Hindi. Likitan da bai iya tambayar inda ke ciwo da harshen mai ciwo ba, rabin ilminsa a kulle yake. Game da launin fata kuwa, kamannin fuska yakan yaudari baƙo ya ɗauka ya san mutane alhali bai san su ba. Ga kuma wani abu da bai kamata a ɓoye ba: a ƙasashe da dama ana yi wa 'yan Nijeriya kallon masu ɗaga murya da nuna isa, ko da gaskiya ko ba gaskiya, kuma ɗan sa-kai yakan tarar da wannan zato yana jiransa tun kafin ya sauke kaya. Maganar kuɗi ita ce mai nauyi, amma a auna ta da asarar wanda ya kasa zama ya dawo bayan wata shida, ko wanda ya zauna shekara biyu a ƙunci, daga gida sai ofis, bai bar wa kowa kome ba.

Zamani kuma ya ƙara wa lamarin hatsari. A 1961 sai da kati ya faɗi ƙasa wani ya tsinta kafin rigima ta tashi. Yau kowane ɗan sa-kai yana da waya a aljihu, hoton kwata ko na ɗakin asibiti marar gado da ya sa a Facebook da 'yar maganar raini yana iya zagaya ƙasar kafin la'asar. Wayar nan tana da wata illa ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Baƙon da can, in kewa ta dame shi, dole ya fita ƙofar gida ya zauna da maƙwabta. Na yau sai ya rufe ɗaki ya kwana yana hira da mutanen gida, jikinsa na can, hankalinsa na nan. Wanda bai bar gida da zuciyarsa ba ba zai taɓa saba wa da inda ya je ba.

Su ma masu masauki akwai nasu nauyi. Ɗaliban Badun suna da dalilin fushi, gama ƙasarsu ba ta daɗe da fita daga hannun masu yi mata kallon raini ba. Amma ƙauracewa ba ta gyara kome ba, zaman da aka yi aka yi magana shi ya gyara, kuma shirin ya ci gaba a ƙasar nan shekaru da yawa bayan haka. Baƙon da ya yi kuskure a watan farko gyara yake bukata. Mutanen Arewa sun san wannan, domin tun da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa a 1973 suke karɓar samari daga Kudu waɗanda ba su san ko "sannu" ba, kuma an ga bambancin wanda aka ja shi a jiki da wanda aka bar shi shi kaɗai. Idan har ana ganin wajibi ne a yi wa ɗan ƙasa horon mako uku a sansani kafin ya yi aiki a wata jiha ta ƙasarsa, ina ga wanda zai ƙetare teku?

Saboda haka abin da ya kamata hukumomin da ke da alhakin wannan aiki su yi a bayyane yake. Jawabin bankwana a zaure a Abuja ba zai wadatar ba. A sa cikin yarjejeniya da kowace ƙasa cewa ɗan sa-kai zai yi makonni yana koyon harshen mutanen wurin kafin ya kama aiki, kuma ƙasar za ta haɗa shi da wani gida ko wani abokin aiki da zai zame masa ɗan jagora. A nemo waɗanda suka je suka dawo, su ne za su horar da masu tafiya, domin su suka san farashin haya da halin shugabannin aiki da abin da ake ɗauka zagi a can. A gaya wa mai tafiya tun da wuri cewa ƙunci zai zo masa bayan ɗoki, kuma zai wuce, don kada ya ɗauka shi kaɗai ne ko ƙasar ce ba ta da kirki. A biya shi alawus ɗinsa a kan kari, gama mai bashin haya ba ya koyon harshe. Ofishin jakadanci kuma ya riƙa leƙa shi a watannin farko, kada a jira sai an ji rigima.

Shi kuma mai tafiya, ya sani sunan mutum fiye da miliyan 200 ya ɗauka a kansa. Ya yawaita tambaya, ya rage kwatanta kome da gida, abin da ya gani bai gane ba ya ajiye shi a ransa har ya gane. In ya ga abin gyara, ya bari sai ya sami waɗanda suka amince da shi sa'an nan ya faɗa musu a fuska, cikin harshensu. Allah ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya, ya sa ƙasashen da suka je su yi marmarin a sake turo musu irinsu.