Fom Ba Ya Jin Uzuri

Ya 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wato fom na kwamfuta wanda ake turo mana a kulle, mu cike gurabensa, amma babu halin mu ƙara ko kalma ɗaya ta bayani.

A zamanin takarda, in tambaya ba ta dace da halin mutum ba, sai ya ja layi ya yi bayani a gefe, akawu ya karanta ya fahimta. Malamanmu na zaure ma haka muka tarar suna yi, kowane littafi gefensa cike da sharhi. Yau kuwa fom ya ce kawo sunan dangi, alhali yawancinmu sunan uba ko na gari muke ɗauka. Ɗalibin da takardar firamarensa ta ce Muhammadu, ta sakandare ta ce Mohammed, ina zai bayyana cewa duk shi ne? Wani fom ɗin ko ƙ da ɗ ba ya karɓa. A kan irin wannan saɓani mutum kan rasa tallafin karatu, ko albashinsa ya maƙale wata da watanni.

Kada a ɗora wa na'ura laifin. Kamfanin Adobe ya fito da tsarin PDF a 1993, tsarin ya zama ma'aunin duniya a 2008, kuma tun 2012 manhajarsa ta kyauta take barin mutum ya ajiye fom da ya cike, ya kuma liƙa sharhi. Mai tsara fom shi ke zaɓen abin da zai kulle, kuma yana da ikon hana a taɓa tambayoyinsa, ya bar ƙofar sharhi a buɗe.

Mun san dabarar da wasunmu ke yi: su sake buga fom ɗin ya zama sabon fayil, sa'an nan su rubuta a kansa. To, a yi hattara. Yin haka yakan kashe guraben, kuma in ofishi na'ura ya sa ta kwashi amsoshi, ba za ta ga kome ba. In kuwa akwai sa hannun lantarki, ya ɓaci ke nan. Abin da ya fi shi ne a aika fom yadda yake, a haɗa da wasiƙar bayani, a ajiye kwafi.

Hukuma za ta ce kullewa na hana maguɗi. Mun yarda, amma ai bayani a gefe ba ya goge tambaya. Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta nemi a sa gurbin "Ƙarin Bayani" a ƙarshen kowane fom, a kuma ɗora wa wani jami'i nauyin karanta shi. Ku kuma ƙananan ma'aikata, gobe ku ne masu tsara fom, sai ku tuna da wahalar da kuka sha. Allah ya sa mu dace, amin.