"SORI" BA TA'AZIYYA BA CE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, wata muguwar ɗabi'a ta kunno kai a tsakanin 'yan bokonmu, har ta shiga gidajen da ba mu taɓa zato ba. Sai a sanar da Musulmi rasuwar ɗan'uwansa, ko a ce gobara ta cinye kasuwa, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne "O mai God!" ko "Sori!" Wasu ma, wal'iyazu billahi, sunan Annabi Isa (A.S.) suke kira da Turanci, kamar yadda suka ji a fina-finai. A WhatsApp kuwa haruffa uku ake jefawa, RIP, a wuce.

Mu ba mu ce Turanci haramun ne ba. Annabi (S.A.W.) da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa saboda bukata. Abin da muke yaƙi da shi shi ne a ture ibada a ɗora al'adar wasu a gurbinta. Faɗin Innalillahi yayin musiba ibada ce. A duba Suratul Baƙara, aya ta 155 zuwa 157: Allah Ya yi wa masu faɗinta alkawarin albarka da rahama, Ya kuma shaide su da shiriya. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Ummu Salama ta yi istirja'i da addu'ar da aka koya mata lokacin da Abu Salama ya rasu, tana ganin babu wanda zai fi shi, sai Allah Ya musanya mata da Manzon Allah. To, wane alkawari aka yi wa mai cewa "sori"?

RIP ɗin nan addu'a ce ta Kiristoci, asalinta da harshen Latin, wadda suke rubutawa a kan kaburburansu. Wani zai ce ai mu ma mukan ce Allah Ya sa ya huta. Gaskiya ne, amma mun ambaci Wanda muke roƙo. Haka shirun nan da ake miƙewa a yi wa mamaci a taruka, wanda Ingila ta mayar al'ada a 1919 don tunawa da matattun yaƙinta. Mamaci yana kabari yana bukatar istigfari, mu kuma mun tsaya masa ƙiƙam kamar gumaka!

Abin tsoro a nan shi ne, harshe a lokacin firgita abin da ya saba da shi yake furtawa. Wanda motarsa ta ƙwace a kan hanya ba shi da lokacin zaɓen kalma.

Saboda haka muna kira ga iyaye da malaman Islamiyya su sa kunne a kan bakin yaransu. Duk yaron da aka ji ya ce "sori" a gidan makoki, a ja shi gefe cikin hikima, a koya masa: Allah Ya jiƙansa, Allah Ya ba ku haƙuri.