Ciwon Gwiwa: Jinkiri Ne Ke Rufe Ƙofar Ƙaramar Tiyata

Duk wanda ya tashi a Runka ko ƙauyukan Safana da Batsari ya san tsohon da ba ya iya durƙusawa a gona, ko tsohuwar da ta koma yin salla a zaune saboda gwiwa. Mukan ce "sanyin ƙashi ne" ko "tsufa ne", mu wuce. A ra'ayina, wannan shiru da muke yi shi ke jawo asarar da ta fi ciwon kansa, kuma ɗalibai da malamai na da rawar da za su taka wajen kawar da shi.

Bari mu fara da ginin gwiwar. Ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri da ƙoƙon gwiwa ne suka haɗu suka yi ta, kuma masana sun kasa ta ɗaki uku: na ciki, na waje, da na bayan ƙoƙo. Kan kowane ƙashi lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi. Idan guringuntsin ya cinye, ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, shi ne amosanin gaɓɓai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da shi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma mata sun fi yawa.

Sau da yawa cutar daga ɗaki ɗaya take farawa, musamman na ciki, inda nauyin jiki ya fi sauka. Likita John Goodfellow da injiniya John O'Connor na Oxford a Ingila sun ƙera wata gwiwa ta ƙarfe da roba, wadda tun 1982 ake dasawa a ɗaki ɗaya kaɗai. Likita zai kankare wurin da ya lalace, ya lulluɓe shi da ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakani, ya bar sauran gwiwar da jijiyoyinta yadda Allah ya halicce su. Yankan ƙarami ne, jinin da ake zubarwa kaɗan ne, majinyaci kan miƙe da wuri, kuma gwiwar kan fi lanƙwasuwa, abin da manomi da mai sujada ke bukata. Wani bincike da aka buga a 2019 kan majinyata 528 a Birtaniya ya nuna cewa bayan shekara biyar sakamakon wannan aiki ya yi daidai da na sauya gwiwa ɗungurungum, kuma ya fi araha. Sai dai yana da nasa aibin: an fi komawa a sake shi bayan shekaru fiye da babban aikin.

Amma fa akwai sharaɗi. Dole sauran ɗakuna biyu su kasance lafiya, jijiyar tsakiyar gwiwa ba ta tsinke ba, ƙafar kuma ba ta ƙage a lanƙwashe kamar baka ba. To, a nan gizo ke saƙar. Mutanenmu sukan shafe shekaru tsakanin tsaga da ƙaho da ƙwayoyin kemis. Ƙwayoyin suna kwantar da zogi, amma ba sa mayar da guringuntsi, kuma yawan shansu kan ci ciki da ƙoda. Kafin a kai ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, cutar ta game gwiwar duka, babu abin da ya rage sai babbar tiyata mai tsada.

Wani zai ce, ina talaka ya ga kuɗin tiyata, ga nisan Kano, ga wahalar da rashin tsaro ya jawo wa yankin Dajin Rugu? Gaskiya ne. Amma zuwa asibiti da wuri ba ya nufin wuƙa. Mafi yawan masu amosani ba sa bukatar tiyata: motsa jiki mai ƙarfafa tsokar cinya, rage ƙiba, da riƙe sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren sukan sauƙaƙa ciwon ƙwarai. Hoton ƙashi guda, wanda aka ɗauka majinyaci na tsaye, ya isa ya nuna inda cutar ta kai. Saboda haka ya kamata gwamnati ta tabbatar akwai na'urar hoto mai aiki da ma'aikacin gashin ƙashi a manyan asibitocin Batsari da Dutsin-Ma.

Ku kuma ɗalibai, idan kun koma gida hutu, ku dubi yadda kakanninku ke tashi daga tabarma. Wanda gwiwarsa ke ciwo wata da watanni, ko take kumbura, ko ƙafarsa ta fara karkata, ku lallashe shi, ku raka shi ya ga likita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.